Yaya Sabo, A-Kori-Kurarka Ta Haye Jinga

Zuwa ga yayana, marigayi Sabo Bakanike,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kabari ya zame maka wurin hutu. Ƙanenka Habu ne, labarin motarka na kawo maka.

Ka sa mata sabon inji da babbar kafireta, amma ciwo bai bar ka ka daidaita mata wuta ba. Tun rasuwarka take ƙarƙashin darbejiya. Kawu Idi ya so a kira 'yan gwangwan su yayyanka ta. Na durƙusa na ba shi haƙuri, na ƙi.

Bana kogi ya cika da wuri. Shinkafar matarka Hajara na jibge a fadama, can hanyar Baturiya, ruwa kuma kullum sai ya matso. Masu manyan motoci sun ce ba za su shiga ba. Abincin 'ya'yanka na shekara ke nan, Yaya.

Sai na ɗauko sifanoninka. Da na ɗaga bonet na tuna ka, kunnenka dab da inji, kana cewa, "Wuta in ta yi gaggawa, ƙwanƙwasa, in ta makara, zafi da shan mai."

Na sassauta distiributa, wadda ke raba wa fulogogi wuta, na murɗa ta gaba kaɗan. A tsaye muryar inji ta yi daɗi. Amma da na loda buhunan yashi na nufi jingar da ke tare ruwa, sai injin ya kama ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Na mayar da distiributar baya. Ƙarar ta tafi, ƙarfi ma ya bi ta, lagireto ya tafasa. Masu kamun kifi suka taya ni turi, suna dariya.

Ban haƙura ba. Na kwance distiributar, na tarar sifirin ɗaya ya saki, shi ya sa da an taɓa totur wuta ke zarcewa gaba. Na sa wani sifirin mai tauri, na ci gaba da murɗawa da gwadawa har hannuna ya yi kanta.

Jiya motar ta haye jinga da lodin shinkafa, ko tari ba ta yi ba.

Da na shigo layinmu, Hajara ta fito da gudu ba takalmi. Ta san ƙarar motar nan. Da ta ga ni ne a sitiyari, sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni ma na daɗe ban iya fitowa ba.

Saura rabin shinkafar, ruwa kuma ya fara lasar hanya. Gobe in sha Allahu zan koma, ba zan bar ko buhu ɗaya ba.

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka makwancinka, Ya raya abin da ka bari, Ya sada mu a Aljanna.

Naka ƙane mai kewarka,
Habu, daga Haɗeja