Akwatin Baba na Kan Firji

Cleveland, 3 ga Maris

Yaya Loretta,

Gaisuwa mai yawa. Ya aikin asibiti, ya sanyin Alaska? Ina fatan tarin nan ya sake ki. Mama tana nan yadda kika bar ta bayan jana'izar Baba.

Kin ce kada in taɓa komai a gidan. To, na taɓa. Tsohuwar rautar Baba, akwatin nan mai ƙaho biyu da ke raba mana intanet daga kan firji, na cire ta. Shekara tara tana wulaƙanta mu: sabis ba ya wuce matakala ta uku, duk mai son waifai sai ya zo kicin ya zauna kamar mai jiran likita. Mama da ciwon gwiwa kullum sai ta sauko don ta kalli bidiyon Baba yana kamun kifi a tafki.

Ban yi jami'a kamar ke ba, amma laburare ba ya tambayar digiri, can na je na karanta yadda abin yake. Tsohuwar rautar ita kaɗai take ihu daga wuri ɗaya, bango ya shanye muryarta. Sabon da na saka, wanda ake kira mesh, 'yan akwatuna uku ne masu miƙa wa juna sabis: kicin, falo, ɗakin Mama. Yanzu har banɗaki ana samu. Ki zo ki gani kafin ki fara wa'azi.

Ƙaninki,
Desmond

11 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaishe ki, da fatan kina lafiya. Wasiƙarki ta iso, kuma ba sai kin ja layi biyu a ƙarƙashin "na gaya maka" ba, ina da ido.

Mama ta daina saukowa. Da, in na dawo daga shagon taya nakan same ta a teburin kicin, kwamfutar hannu jingine da gwangwanin sukari. In dafa taliya, ta ce gishiri ya yi yawa, ta cinye. Yanzu tana kwance a ɓangaren Baba na gado, bidiyon yana ta maimaita kansa. Faranti nake kai mata, in ɗauko shi yadda na kai. Rigarta ta coci ta yi mata yawa. Yau kwana goma sha tara ba ta sauko ba.

Sabis cike ko'ina, ni kaɗai a kicin. Jiya na tsaya ina zagin akwatin falo kamar mahaukaci.

Naki,
Desmond

20 ga Afrilu

Yaya Loretta,

Ina fatan wannan ta same ki lafiya. Ni dai ba lafiya ba.

Na zare akwatin falo da na ɗakinta, na ce mata sun lalace. Kwana biyu ba ta sauko ba. Ranar Lahadi na ji takunta a matakala, tana hutawa a kowane taki. Ta zauna, ta ci rabin ƙwai. Sannan ta ce, "Ɗan nan, tun kana yaro ba ka iya ƙarya ba. Ubanka ya fi ka iyawa."

Kin tuna faɗan da na yi da Baba a Kirsimeti, da na ce masa mutumin da bai san inda ake ajiye rauta ba bai kamata ya riƙa ba ni shawara ba? Ya yi dariya kawai, ya ce ta fi son kan firji. Yaya, ya sani. Tun ranar farko mai haɗa mana intanet ya ce a sa ta a tsakiyar gida, Baba ya ƙi. Ya gaya wa Mama in sabis ya hau sama, ba zai ƙara ganin fuskar 'ya'yansa ba. Shekara tara ina zaune gabansa ina danna waya ina kiransa ɗan ƙauye, shi kuwa yana kallona. Wata biyu bayan faɗan nan ya rasu, ban janye ko kalma ɗaya ba.

Da za ta koma sama ta ce in mayar da rautar Baba wurinta, ko ba za a kunna ba. Na ce to.

Tun Maris na kai ta wurin zubar da tsofaffin kayan lantarki. Jiya na je, suka ce mota ta kwashe tuni. A kan firji akwai shatinta a cikin ƙura. Ban goge ba.

Ki gaya min abin da zan ce mata.

Ƙaninki,
Desmond