Ƙafar Baba Sha'aibu da Karatun da Nake So

Inna Mairamu, ki gafarta mini da na yi ƙarfin halin rubuto miki. Ko a aji ban cika ɗaga hannu ba, amma na rasa wanda zan faɗa wa.

Ni ɗiyar Karofane ce, ina ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, ta Madaoua, ina zaune wurin gwaggona. Ƙanen mahaifina, Baba Sha'aibu, tsohon soja ne. Tun da ya dawo daga bakin daga ba ya iya kwana cikin ɗaki. An gyara masa ɗaki a gida, ya fitar da tabarmarsa waje, daga baya ya bar garin. Yanzu a tashar mota ta Madaoua yake kwana, shi da wasu tsofaffin sojoji. Ba ya bara, ba ya zagin kowa. Ran kasuwa nakan kai masa fura, ya tambaye ni darasi, musamman lissafi, ya yi mini dariya in na kuskure.

Yana da ciwo a ƙafa, kuma ya fara wari. Ya ƙi zuwa likita, wato asibiti, don can ana rufe ƙofa. Da tsumma yake ɗaurewa. Ni kuwa sai dai in tsaya ina kallo, ban san komai ba.

Shi ya sa nake so in karanta aikin jinya, in na gama in ƙara karatu mai zurfi, har in iya duba irin su Baba da kaina, in rubuta musu magani a inda suke. Da na gaya wa mahaifiyata, ta ce ungozoma zan zama, ɗiya mace ba ta durƙusa cikin tasha tana wanke ƙafar maza. Wata mai zuwa za mu zaɓi fanni, kuma ina tsoron in yi shiru har a zaɓa mini. In kin yarda, zan sake rubuto miki in faɗa miki yadda aka yi.

Ɗiyarki daga Karofane

Ɗiyata,

Babu laifi a wasiƙarki. Amma kin haɗa abu biyu, kuma ɗaya ya fi gaggawa. Karatun da kike so shekaru ne. Ƙafar da ta fara wari ba ta jiran shekaru. Kada ki taɓa ciwon da kanki. Cikin satin nan ki ɗauki gwaggonki ku je wurin babban ma'aikacin jinya na likitar unguwarku. Ki gaya masa ba magani Baba yake gudu ba, rufaffen ɗaki yake gudu. Ki roƙa a wanke ciwon a waje, ƙarƙashin itace, ko a bar ƙofa a buɗe. Ki sanar da mahaifinki ma, ƙanensa ne.

Game da karatu, ban san wata makaranta mai fanni na tsofaffin sojoji kaɗai ba. Hanyar dai ita ce jinya tukuna, ki yi aiki, sannan ki ƙara sani kan lafiyar jama'a ko lafiyar ƙwaƙwalwa, domin ciwon Baba Sha'aibu ba a ƙafa kaɗai yake ba.

Mahaifiyarki ba ta ƙi ki ba. Bakin mutane take tsoro, kuma tasha ba wurin da yarinya za ta je ita kaɗai ba ne. Ki nuna mata cewa ma'aikaciyar jinya da riga da abokan aiki take fita. In kunya ta hana ki magana, rubuta mata kamar yadda kika rubuto mini, ki karanta mata da bakinki kafin ranar zaɓe.

Na yarda ki sake rubutowa. Ki fara da labarin ƙafar. Allah ya ba Baba Sha'aibu lafiya da barci, ke kuma ya buɗa miki karatu.

Inna Mairamu