Fankar da Na Hana Juyawa Ranar Suna

Zuwa ga Inna, a makwancinta.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiyarsa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da ke yau shekara tara da wata huɗu rabona da gida. Uku daga cikinsu ba kya duniya. Har yanzu ina Yamai, a Zango, cikin ɗakin haya, kuma har yanzu sana'ata ita ce in hau tsani in rataya wa mutane iska a bisa kansu.

Na san takarda ba ta zuwa inda kike. Na rubuta ne don a karanta a zauren 'yan Damagaram bayan sallar Juma'a, tunda a can aka zauna aka yanke cewa ni mahassadi ne. Ke kika shayar da ni, ke kika shayar da Mutari, don haka ke ya kamata ki ji shari'ar. Sauran su kasa kunne daga gefe.

Ba ki taɓa ganin fanka ba. A nan bantilatar suke ce mata. Ki ɗauka mafici uku ne na ƙarfe, kowanne ya kai tsawon hannu, an haɗa su a jikin wani kai mai nauyin ɗan dutsen niƙa, an rataye a rufin ɗaki, kuran, wato wutar lantarki, yana juya su. In ta zauna daidai, ni'ima ce. In ta faɗo tana juyawa, gatari ce.

Wani Anasara ne ya koya mini aikin, muna ce masa Mai Lofe. Shekara biyar ina ɗaukar masa tsani bai taɓa kiran sunana daidai ba, zagi kuwa kamar ruwan marka. Amma ba zan ci haƙƙinsa ba. Bai taɓa bari na taɓa waya ba sai na cire fizibil na sa a aljihu. Fizibil wani ɗan farin tangaran ne a cikin akwatin wuta, in babu shi kuran ba ya shiga gida. Yakan ce wanda ya ajiye fizibil a kan taga ya ba mai wucewa ajiyar ransa. Da aka sami mulkin kai ya koma ƙasarsu, ya bar mini turnabis biyu na kwance ƙusa da wannan ɗabi'ar.

Kin tuna shekarar da dogarai suka zo neman yaran da za a kai lekol, makarantar Anasara? Kika cusa ni cikin rumbu, kika miƙa musu Mutari, marayan da kika ɗauka tun bai yi arba'in ba. Daga cikin gero nake jin kukansa. Kika ce, "Ba na ba Anasara ɗan cikina." Don so kika yi, na sani. Amma yau shi ne Mushe Mutari, kamar yadda ake kiran manya da Faransanci, mai biro, wato ofis, da tebur da keke mai inji, ni kuwa bokon da nake rubuta miki da shi sai da na yi gemu na koya a makarantar manya. Ba na tuhumarki. To, gaskiya, wani lokacin nakan tuhume ki, in wuyana ya ƙage a kan tsani.

Mutari bai manta da nono ba, wannan ma a rubuta. Ranar da kika rasu yana aiki a Damagaram, shi ya sayi likkafani, shi ya shiga kabari ya karɓe ki, ni labari bai iske ni ba sai bayan sadakar bakwai. Da aka maido shi Yamai, shi ya sa sunana cikin masu yi wa gidajen gwamnati aikin wuta. Shekara biyu ina cin abinci ta dalilinsa.

A bazarar bana matarsa Barira ta haifi namiji bayan mata biyu. Ana jibi suna ya aiko a kira ni. Anasaran da ya gada a kujera ya bar masa fanka, yana so ta juya ranar suna in manyan biro sun zo cin abinci. Gidan da yake haya na laka ne, bara aka ja masa waya.

Na hau tsani na ƙwanƙwasa itacen rufin da ƙotar turnabis. Ya amsa mini kamar ƙwarya, gari ya zubo mini a ido. Mutari ya yi dariya, ya ce yaushe gara ta fara cin azara. A gida haka ne, Inna, azarar zauren Baba ta girme ni kuma har gobe tana nan. Amma wannan ba bayan giginya ba ne, cikinta ne, irin wanda mu can murhu muke ba, mai gidan ya jera ya shafe da farar ƙasa. Sannan na sauko na tsaya a tsakar ɗakin na ɗaga hannu kamar mai zura babbar riga. Yatsuna suka wuce inda fikafikan za su bi. Anasara ya auna sandar fankarsa da dogon ɗakin siminti da mutane masu 'yar riga iya ƙugu. Bai auna da alhajin da zai miƙe ya watsa hannun riga a kafaɗa ba.

Na ce masa akwai dabara. In rage sandar, in nemo ƙarfe mai kauri in gitta shi daga bango zuwa bango, a kama bakinsa biyu da siminti, a bar shi ya bushe. Kwana huɗu. Ya ce suna jibi ne. Na ce to a yi suna da mafici, kamar yadda aka yi nawa da nasa. Ban kyauta ba da na faɗi haka, don na san inda zai yi masa zafi. Ya dube ni ya ce, "Tun daga rumbu kake jin haushina, Isuhu." Rabin maganar gaskiya ce.

Washegari ya sami wani mai gyaran keke da ba ya cewa a'a, ya rataya masa.

Ranar suna na je, don ɗan'uwa ba ya jiran gayyata. Bayan an shafa fatiha an raba goro, mata har sun fara ce wa yaron Tanko, sai na leƙa ɗakin. Fanka na rataye da wayar ƙarfe ninki biyu da aka naɗa a jikin ruɓaɓɓen itacen nan. Babu bulon, ƙusar da ke riƙe ta, babu ɗan tsinken da ke hana shi kwancewa, fiffike ɗaya ya sunkuya ya fi 'yan'uwansa. Daidai ƙarƙashinta kuma an shimfiɗa bargo, inda za a kwantar da jariri baƙi su gan shi su yi barka. Na ja Mutari gefe, ya fizge hannunsa, kunnensa na wajen ƙarar motar shugabansa. Na nemi Barira, tana tsakiyar mata, ba hanyar da namiji zai bi.

Sai na zaga bayan ƙofa, na buɗe akwatin wuta, na cire fizibil na sa a aljihu. Na koma tabarma na zauna ina cin gorona.

Da manya suka zazzauna aka kawo yaron, Mutari ya murɗa makunni. Shiru. Ya sake murɗawa. Wani daga cikin baƙin ya yi wata magana da Faransanci, aka kwashe da dariya. Ta bakin ƙofa idonsa ya nemo ni, bai ko tambaya ba, ya fito ya miƙo mini hannu a gaban jama'a. Na ce sai an ɗauke yaron, kowa ya fito daga ɗakin. Ya ce in ba shi. Na ce ba zan bayar ba. Ya ce in fita masa daga gida. Na fita, da abina a aljihu. Lahadi ce, kanti a rufe, ba inda zai sami wani. Haka manyan biro suka ci shinkafa da naman rago suna fifita da hulunansu.

Na kunyata shi a gaban mutanen da ya shekara goma yana neman su ɗauke shi mutum. Na san da haka. Kuma da na ga zufa na tsiyaya a wuyan sabuwar rigarsa, akwai wani abu a zuciyata da ya ji daɗi. Wannan nake neman gafarar Allah a kansa. Fizibil kuwa, in gobe ta dawo, zan sake cirewa.

Kafin sati ya zagayo sunana ya fita daga takardar gidajen gwamnati. A zaure dattawa suka ce na bi ɗan'uwana da baƙin ciki ranar farin cikinsa, ba wanda ya tambaye ni mene ne fizibil. Direban kamyo, motar kaya, ya kai labari gida, ya dawo mini da saƙon Gwaggo Hajara cewa na zubar miki da nono a ƙasa. Wannan ya fi rashin aikin ciwo. Yanzu fitilun 'yan kasuwa nake gyarawa, ranar da babu in je wajen 'yan katako in yi dako. Tsohuwar Bazabarmar da nake haya a gidanta in ta gan ni na dawo kafaɗa duk sartse sai ta ce kala suru, wato sai haƙuri. Shi nake ci da safe, shi nake ci da rana.

Bayan sati uku Mutari ya tafi turne, wato rangadi, Tawa, Barira ta aiko a kira ni. Ashe ya sayi wani fizibil tun washegarin suna, amma ita ta kafe cewa iskar fanka na sa wa jariri mura, ba ta bari a kunna. Ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce, "Yaya, zo ka yi yadda ka ce."

Da na kwance wayar, Inna, ta riga ta ci rabin itacen da nauyi kawai. Na sa yatsa ya shige har gaɓa ta biyu. Na kira Barira na nuna mata, ta duba, ta gyara goyonta, ta fita.

Na gitta ƙarfen, na ba siminti kwanakinsa ban rage ko ɗaya ba. Rana ta huɗu na kama ƙugiyar da ke jikin ƙarfen da hannu biyu na ɗage ƙafafuna na yi lilo, don abin da bai ɗauke ni ba ba zan ba shi amanar fanka ba. Na haɗa ta a ƙasa, a kan tabarma. Na yanke sandar, na zura waya ta cikinta, na ɗaure bulon na soka masa tsinkensa na lanƙwasa bakin. Fiffiken da ya sunkuya na miƙar da shi. Bayan na rataya, na ɗauki kara na auna bakin kowane fiffike daga ƙasa har uku ɗin suka zo ɗaya, don fankar da fiffikenta ɗaya ya saɓa rawa take yi, mai rawa kuwa wata rana sai ta sauko. Na naɗe mahaɗin wayoyi, ba wayar da ta leƙo. Na ɗaga hannu iya tsawona, ban taɓo komai ba. Sai a lokacin na fiddo fizibil daga aljihu. Na fitar da kowa, na tsaya a bakin ƙofa na kunna a hankali, sannan na ƙara. Ko ƙis ba ta yi ba. Ta yi ta juyawa kamar ba ita ta raba ni da ɗan'uwana ba.

Mutari ya dawo. Ƙarfe ya gitta masa ɗaki daga bango zuwa bango, kuma shi ba makaho ba ne. Wata biyu ke nan yana kwana a ƙarƙashinta, bai ce mini sannu ba, bai je zaure ya janye ko kalma ɗaya ba. Mun haɗu a masallacin Juma'a ya miƙo mini kan yatsu. Na tambayi Barira kafin in rubuta wannan, ta ce in faɗa, ita ba ta yi abin kunya ba. Don haka duk mai shakka cikin masu saurare, gidan ba ɓoyayye ba ne, ya je ya ɗaga kansa.

Ba aikin nake roƙo ya maido mini ba. Kalma ɗaya nake so ta bi kamyo ta je gida kafin Gwaggo Hajara ta iske ki da wancan labarin a bakinta.

Inna, in zafi ya hana ni sakat nakan tuna ki a gindin itacen bedi da rana tsaka, ni a cinyarki ta dama, shi a ta hagu, kina yi mana fifita har hannunki ya gaji ki sauya. In mun fara ture juna sai ki ce, "Ku matso, maficin ɗaya ne." Ban san ranar da kika miƙa shi ga dogarai ko kin ci abinci ba. Ban taɓa tambayarki ba. Shi ma na san bai tambaya ba, kuma ina jin tambayar na nan tana cinsa kamar yadda tawa ke cina. Da kina nan da kin ja kunnenmu duka biyu, nasa da ƙarfi, nawa ma kada ki bari.

Allah Ya jiƙanki, Ya yalwata kabarinki, Ya sanyaya miki shi da iskar da ba ta buƙatar ƙugiya. Allah Ya raya Tanko, Ya sa ya yi tsawon da zan sake zuwa in auna. Allah Ya huce zuciyar Mutari, Ya wanke tawa. Amin.

Ni ne ɗanki,
Isuhu.

Da kina da rai ba ki taɓa aiko saƙo ba sai kin sa a tambaye ni abin da na tara. Ga shi. Jika goma sha ɗaya da dala sittin ne a gwangwani, ƙarfe da siminti suka ci biyu. Saura jika tara da dala sittin, da turmin atamfa ɗaya da na saya miki kafin labari ya iso, da tsani wanda rabinsa nawa ne.