Ƙorafi Kan Hoton Falon Maijego da Aka Sa a Shafin Sana'ata

Aukje Wiersma,
Sana'ar Share-share da Gyaran Gida,
Lamba 9, Layin Bayan Coci,
Harkeveen.

17 ga Fabrairu, 2025.

Zuwa ga Mai Girma Uwargida Wietske Zandbergen,
Shugabar Ofishin Tallafa wa Ƙananan Sana'o'i,
Ƙaramar Hukumar Harkeveen.

Ranki ya daɗe,

GAME DA: HOTON CIKIN GIDAN WATA MAIJEGO DA AKA WALLAFA A SHAFIN INTANET NA SANA'ATA BA DA IZINI BA, DA ROƘON A CIRE SHI KAFIN A KOMA MAKARANTA

Bayan gaisuwa da girmamawa. Ranar Talata, 11 ga wannan wata, ina ɗaure wa 'yata Nynke hular kwano ta hawan keke a ƙofar makarantarsu, ta ɗago kai ta ce da ni: "Mama, wai da gaske gidan su abokina ƙazamai ne? Kuma wai ke kika nuna wa kowa?" Shekararta shida, muryarta kuma ba ta san rage kanta ba. Iyaye mata da yawa suna tsaye a wurin, kowacce ta sunkuya tana gyaran sarƙar keken da bai lalace ba. Wannan takarda ita ce ƙoƙarina na samo mata amsa.

Ni ce mai ƙaramar sana'ar nan ta gyaran gidajen da al'amura suka fi ƙarfinsu, bayan haihuwa ko ciwo ko rasuwa. Ina cikin waɗanda ofishinki ya zaɓa a shirinsa na yi wa masu ƙananan sana'o'i shafin intanet, aka haɗa ni da Mista Joost Brinkhuis, wanda ofishin ya ɗauka don wannan aiki. Na yi godiya a lokacin, har yanzu ban janye godiyar ba. Sai dai ga abubuwan da suka faru.

1. Ranar 14 ga Janairu, Mista Brinkhuis ya nemi ya bi ni wurin aiki. Ya ce masu neman mai share gida sun gaji da hoton matan da ba a san su ba suna murmushi da guga a hannu, abin gaske suke so su gani. Na kai shi gidan wata maijego, wadda ba zan rubuta sunanta a nan ba, domin ɓarnar da na jawo mata ta isa haka. Haihuwarta ta zo da wahala, mijinta yana aiki a jirgin ruwa, mai kula da jego ta gama kwanakinta ta tafi, gida ya rincaɓe mata. Kin san layukanmu, ranki ya daɗe: ba a sauke labule, kowa falonsa a buɗe yake ga mai wucewa. Wannan baiwar Allah ta sauke nata labulen har mako uku, ta kuma roƙe ni in riƙa zuwa a keke ta ƙofar baya, kada a ga motar aikina a ƙofarta. Ta yarda, a gabana da gabansa, a ɗauki hoton ɗakin girki kawai, shi ma bayan an gama gyara. Ina sama ina cire zanen gado, ashe ya ɗage labulen falo don ya sami haske, ya ɗauki falon yadda muka tarar da shi: kunzugun jaririya a kan kujera, kwanukan kwana da kwanaki a kan tebur, wanki a zube a ƙasa.

2. Ranar 29 ga Janairu ya nuna mini shafin da ya tsara, na amince. Hoton farko a shafin motata ce da kayan aikina, babu falon kowa. Aka buɗe shafin ranar 3 ga Fabrairu. Abin da bai gaya mini ba shi ne, ya sa hoto na biyu a ɓoye, wai yana gwadawa ya ga wanne ya fi jan mutane: wasu masu buɗe shafin su ga motata, wasu su ga falon maijegon, da rubutu a ƙarƙashinsa cewa ko gida ya kai haka muna iya gyara shi. Wayata kullum motar take nuna mini. Ranar 5 ga wata, cikin murna, da hannuna na tura adireshin shafin a zauren hira na waya na iyayen 'yan ajinsu Nynke, har da roƙon su yaɗa.

3. Na yarda Mista Brinkhuis ya dusashe hotunan iyali da ke bango. Amma ya bar taga. A jikin gilashin akwai shamuwar takarda da manyan haruffa ruwan hoda na sunan jaririyar, kamar yadda kowa ke liƙawa in an yi haihuwa. Ina jin idonsa ya saba da su har bai gan su ba. Daga ciki haruffan a juye suke, amma ko sa'an Nynke zai iya karantawa. Kuma babu yaron da bai san sunan ba a ajinsu Nynke, domin yayan jaririyar ya kawo musu biskit mai yayyafin alewa ruwan hoda washegarin haihuwar, ya tsaya a gaban allo ya faɗi sunan ƙanwarsa da alfahari. Wannan yaro shi ne abokin Nynke, kujerarsu ɗaya.

4. Ranar Juma'a, 7 ga wata, maijegon ta tare ni a ƙofar makaranta, jaririya a ƙirjinta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ta ga hoton falonta a shafina, kuma ta ba ni makullin gidanta ne, ba ta ba ni mutuncinta ba. Ni kuwa na ciro wayata, na nuna mata hoton mota, na ce mata babu wani falo a shafina, wataƙila gajiya da rashin barci ne ke sa ta ganin abin da babu. Na faɗi haka, ranki ya daɗe, a gaban mutane, ga matar da na san halin da take ciki. Ta dube ni, ta juya. Sai ranar 12 ga wata malamar ajinsu, Malama Hiske, ta ja ni gefe ta buɗe shafin a tata wayar. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Ta kuma shaida mini yara sun fara toshe hanci in yaron ya wuce, suna ce masa ɗan gidan kunzugu, shi kuma ya ɗauke jakarsa daga kusa da Nynke.

5. A ranar na kira Mista Brinkhuis. Ya ce in kwantar da hankalina, hoton falon ya ninka na mota wajen jawo mutane, ya kamata in yi murna ne, kuma ai ba a ga fuskar kowa ba. Da na nace, ya ce zai duba bayan hutu, yana haɗa kaya zai tafi wasan sulu a kan dusar ƙanƙara da iyalinsa. Kalmar sirrin shafin tana hannunsa shi kaɗai, tun farko ya ce kada in wahalar da kaina da ita. Shafi da sunana, da lambar wayata, amma ba ni da ikon cire ko ɗigo ɗaya a cikinsa.

6. Ranar 13 ga wata na zo ofishinku da ƙafata. Ma'aikacin da ke teburin karɓar baƙi ya yi mini ladabi, ya ba ni kofi, ya ce ba a ganin kowa sai an nemi lokaci tukuna, kuma lokaci mafi kusa shi ne 4 ga Maris. Na ce masa hoton yana can a buɗe a wannan sa'ar da muke magana. Ya ce ya fahimta ƙwarai, ya rubuta mini 4 ga Maris a ɗan kati.

Ba na ɓoye rabona na laifi. Ni na kai shi gidan, ni na bar shi a ƙasa shi kaɗai, ni na yaɗa shafin, ni na ƙaryata mai gaskiya. Na je ba ta haƙuri ranar Asabar, ba ta buɗe ba, labulenta ya sake sauka. Na jefa mata makullinta ta ramin jefa wasiƙu na jikin ƙofarta. Wannan tsakanina da ita ne, zan ci gaba da nema. Amma abin da ya rage ba ya hannuna, yana hannun ofishinki.

Saboda haka ina roƙo, cikin ladabi: a cire hoton, ko a rufe shafin gaba ɗaya in hakan ya fi sauri, kafin ranar Litinin, 24 ga Fabrairu, ranar da yara za su koma makaranta daga hutun da suke ciki yanzu. Gara in rasa masu kirana da yaron nan ya sake shiga aji hoton yana nan. A miƙa mini kalmar sirrin shafina. A sa Mista Brinkhuis ya goge duk hotunan da ya ɗauka a gidan, ya tabbatar da haka a rubuce. Ofishin kuma ya rubuta wa maijegon takardar ban-haƙuri da za ta nuna cewa abin da ta gani gaskiya ne, ba idonta ne ya yaudare ta ba. Wannan na ƙarshe ya fi kowanne muhimmanci a wurina.

Ki gafarce ni in ƙara magana ɗaya. Na ji cewa waɗanda ke biye da ni a shirin nan su ne mai askin da ke bin marasa lafiya gida, da matar da ke yi wa tsofaffi wanka. Su ma aikinsu a cikin ɗakunan mutane yake, a ranakun da mutane ba sa son a gan su. Kada ki bari Mista Brinkhuis ya bi su da kyamara kafin ki zauna da shi. In kuwa ranar 24 ta zo hoton yana nan, zan kai maganar zaman majalisar gari da ake bai wa jama'a damar magana, in karanta wannan takarda da bakina, duk da kunyar da zan sha. Ke ma tagarki a buɗe take, ranki ya daɗe, kuma babu gidan da ba ya da ranar da yake buƙatar labule.

Ina jiran amsarki da dukkan girmamawa da biyayya.

Taki mai ladabi,

Aukje Wiersma,
Mahaifiyar Nynke.