Ƙasar Tsakar Gidanmu

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka Anti da Baba. Yaya ƙafar Baba, ta bar kumburin? Yaya kuma jikin 'yarku Tsuntsuwa? Allah ya ba ta lafiya.

Jiya Anti ta kira ni, ta ce ciwon cikin yarinyar ya dawo, ba ta cin abinci, kuma ta yi shiru. Wannan shirun ne ya fi tayar min da hankali. Yarinyar da muka sa wa Tsuntsuwa saboda bakinta ba ya hutawa, a ce yau sai an kira ta sau uku kafin ta ɗago kai?

Yaya, wata alfarma nake nema. Ka sake ɗebo min ƙasar tsakar gida. Na san za ka ce ai bara na gwada na ce muku ba komai. Ka yi haƙuri, ka dai ɗebo. Wuri shida nake so: gindin famfo, bakin kicin, ƙofar ɗakin Baba, gindin lemo inda take wasa, lambun Baba, sai bayan katanga. Ka yi amfani da cokalin roba, ba na ƙarfe ba. Ka tona zurfin ɗan yatsa, kowanne a ledarsa, ka rubuta wurin a jiki. Ka ba direban da ya kawo maka wannan takardar ledojin ya kawo min.

Wajen aiki muna nan yadda ka sani. Baba ya ce shekara biyar na yi ina karatu don in koma daka da tankaɗe, kuma bai yi ƙarya ba. A shanya ƙasa, a tankaɗe, a daka, a matse, sannan a ba na'urar lesa ta faɗi abin da ke ciki. Bambancina da mai aikin gida farar riga ce kawai.

Kafin ka ji daga gare ni, a hana yarinyar zama a ƙasa. A wanke mata hannu kafin ta ci komai.

Ka gaishe min da kowa.

Ƙanwarka,
Auta


Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Anti da Baba, da fatan Tsuntsuwa ta samu sauƙi. Ledojin sun iso lafiya, na gode.

Sau uku na ɗauki waya zan kira ka, sai in ajiye. Abin da zan faɗa bakina ba zai iya ba, shi ya sa na rubuto.

Akwai dalma a ƙasar gidanmu, Yaya, mai yawa. Ta bayan katanga ce kawai mai kyau. Ta gindin lemo ita ce ta fi kowacce muni, har Farfesa, shugabar ɗakin gwajinmu, ta cire tabarau ta sake duba allon kwamfutar, ta tambaye ni ko akwai yara a gidan. Ka kai yarinyar babban asibiti gobe, ka ce a gwada jininta a nemi gubar dalma. Ka riƙe takardar sakamakon da na haɗo, ka nuna wa likita.

Ka tuna bayan ambaliyar nan da Baba ya sa aka kawo tifa uku ta ciko aka cike tsakar gida? Ina kyautata zaton daga filin da ake fasa tsofaffin baturan mota aka kwaso ta. A cikin rariyata na tsinci ɓarɓashin baƙar roba irin ta jikin batir.

Yanzu ga abin da ya fi min nauyi. Wannan karon kwana huɗu na yi a kan ƙasar. Na baje kowacce a faranti na sa a tandar lantarki, sai da nauyinta ya daina raguwa, alamar ruwan ya fita duka. Na tsince duwatsu da saiwoyi, na tankaɗe. Na daka a ɗan turminmu na dutse har ta zama kamar hoda, hannuna har ya yi kanta. Tsakanin kowace leda na wanke turmi da rariya na busar. Sannan na matse a inji ta zama 'yar ƙwaya mai faɗin maɓallin riga. Dole a yi haka, don lesa wuri ƙanƙani take harbi, bai kai bakin allura ba. Tana ƙona wurin ya yi tartsatsi, a launin tartsatsin ake gane abin da ke ciki. In ƙasar da danshi, tartsatsin ba ya ƙarfi. In ba ta daku ba, sai lesar ta faɗa kan tsakuwa ta ce ba komai.

Duk wannan na san shi bara. Amma da ka kawo min ƙasa a gwangwanin madara, lokacin da Anti ta fara cewa yarinyar tana cin ƙasa tana amai, aiki ya yi mana yawa, kuma ban nemi izinin Farfesa ba. A lokacin cin abincin rana na yi, cikin minti arba'in, ina waige-waige. Ban busar ba, hannu kawai na sa na ji kamar ta bushe. Dakan ma sama-sama. Sau biyu na harba maimakon sau talatin. Da ban ga komai ba sai na ji daɗi, na kira ka ina dariya na ce ƙasar Baba ta fi ta kowa lafiya, Anti ce mai yawan tsoro.

Wata goma sha ɗaya ke nan. Kullum a gindin lemon nan take, da 'yan kofunanta. Ni na ce a bar ta.

Ban rubuto don ka ce ba komai ba. Ina so ka sani ne daga wurina.

Ƙanwarka,
Auta


Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Yaya mai jiki? Allah ya sa kaffara ne.

Sati uku ke nan ban ji daga gare ka ba, kuma ba ka ɗaukar wayata. Ban ga laifinka ba. Anti ce take ba ni labari, ita da na yi wa dariya. Ta ce an kwantar da ku, ana ba yarinyar maganin da ke fitar da gubar, kuna kwana a kan tabarma a barandar asibiti. Ta ce ranar farko yarinyar ta yi jijjiga a hannunka. Ban tambaye ta ko ka nuna mata wasiƙata ba. Daga muryarta na gane ta karanta, amma ba ta ce min komai ba sai, “Ki yi mana addu'a.”

Na gaya wa Farfesa abin da na yi bara. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce min kawai, “Na'ura ba ta yi miki ƙarya ba, abin da kika ba ta ta karanta.” Ta hana ni taɓa lesar har wata uku, ta mayar da ni ɗakin shanya da daka. Ta kuma rubuta wa hukumar lafiya, don gida biyar a layinmu suka sayi ciko daga direban tifar nan. Ƙasarsu ta fara isowa. Jiya na daka ta gidan tela, na tsinci ɗan kunnen yarinya a rariya. Sai da na fita waje na zauna.

In kana so in zo in karɓi Anti jinya, ka aiko. In ba ka son ganina, shi ma na fahimta.

Ƙanwarka,
Auta


Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina muku barka da fitowa daga asibiti. Yaya Anti da gajiyar jinya?

Direba ya kawo min ledoji huɗu da 'yar takardarka mai layi ɗaya: “Ta gidan da za mu kama haya ce. Ki yi a hankali.” Na karanta ta ban san sau nawa ba.

Na yi a hankali. Ni na shirya, Farfesa ta harba da hannunta, sau talatin kowacce, sannan ta aika rabi wani ɗakin gwajin don a tabbatar. Ƙasar tana da kyau. Kuna iya tarewa.

Anti ta ce gubar ta sauka a jinin, yarinyar tana cin abinci, har ta ɗan yi ƙiba. Amma ƙirgan da ta iya har ashirin yanzu a huɗu take tsayawa, kuma likita ya ce a jira, wani abin zai dawo, wani ba lallai ba. 

Maganar Baba ce ta sa na tsawaita. Anti ta ce tun da aka zo aka kwashe ƙasar aka sare lemon, ba ya fita ko ƙofar gida. Yana zama a bakin ɗakinsa yana kallon ramin, yana cewa da hannunsa ya sayo wa jikarsa ciwo. Ta ce ba ka gaya masa maganar bara ba, kuma ka hana ta faɗa, wai kada ya rasa 'yarsa a kan jikarsa. Na gode, Yaya. Ban cancanci wannan rufin asirin ba, kuma ba zan iya karɓa ba. Baba bai san abin da ke cikin tifar nan ba, babu yadda zai sani. Ni ce aka koya wa. Ba daidai ba ne tsoho ya ɗauki kayan nan shi kaɗai, alhali mafi nauyinsu nawa ne.

Ranar Asabar zan taho a motar safe. Zan fara zuwa wurin Baba kafin in zo sabon gidanku. Ba sai ka raka ni ba. Amma in na fito daga ɗakinsa, ina so in tarar da kai a waje.

Ka shafa min kan yarinyar. Ka gaishe da Anti.

Ƙanwarka,
Auta