Shitar Makka Daban, Daminar Jakarta Daban

Zuwa ga Mudirin kamfanin masaukan alhazai da nake wa aiki a unguwar Misfala, Makka,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da dukkan ma'aikata.

Ranka ya daɗe, ni ne Abubakar mai kula da benen alhazan Jawa, wato mutanen ƙasar su Jakarta, wanda ake kira Abu Safiya. Shekarata goma sha tara a wannan kamfani, tun zamanin mahaifinka, Allah Ya jiƙansa. Da gangan na rubuto da Hausa. Sau biyu ina ajiye takarda da Larabci a ofis ban ji ko tari ba, kuma na san hannun da take bi kafin ta iso teburinka shi ne hannun da nake ƙorafi a kansa. Kai ɗan unguwarmu ta Tandabawi ne kamar ni, na san Hausar gidanku ba ta gudu ba. Na bar wasiƙar a buɗe ne saboda an ce ma'aikata huɗu za su tashi zuwa Jakarta wata mai kamawa, alhali takardar da ta kusa sa ni cin amanar mamaci tana nan manne a allon sanarwa, ba a canza mata ko ɗigo ba.

Tun farko bari in kwantar maka da hankali. Na dawo lafiya, abin da na tafi da shi ya isa hannun masu shi, kuma rabon da in ji zuciyata wasai kamar yanzu har na manta. Fushin ya sauka. Abin da ya rage hamdala ce da 'yar magana, kuma maganar sai na yi ta.

1. Abin da na ɗauka.

A Hajjin da ya wuce wani dattijo ɗan Jakarta mai suna Haji Mansur ya sauka a hawa na huɗu. Bayan an dawo daga Mina ciwo ya kwantar da shi. Da yake ina jin yarensu daidai gwargwado, ni nake kai masa shayi in ɗan zauna da shi. Yana da wani ɗan littafi mai baƙin bango da yake rubutu a ciki kullum, da alƙalamin nan na da wanda ake ɗura wa tawada. Kwana biyu kafin ya cika ya damƙa mini littafin. Ya ce shafukan ƙarshe na ɗansa Ridwan ne, wanda suka shekara bakwai ba sa magana da juna, kuma kada in aika ta gidan waya, kada in ba wani saƙo, in miƙa hannu da hannu. Na ce na ɗauka.

A nan Makka aka binne shi. Iyalinsa ba su ga gawa ba, ba su da kabarin da za su tsaya a kai. Wannan littafin shi kaɗai ne zai koma musu da maganarsa. Ban taɓa buɗe shi ba, ban ɗauki hoton shafi ko ɗaya ba, domin ba ni aka rubuta wa ba. Wata bakwai yana cikin akwatina yana hana ni sukuni. Da aka ce ina cikin masu zuwa taron wakilai a Jakarta a watan Janairu, sai na ce Allah ne Ya buɗe hanya.

2. Takardar da ofis ya ba mu.

Ga abin da take cewa, ka aika a ciro maka ita ka gani: tafiyar ta faɗo a lokacin shita, wato hunturu da Larabci, a zo da kayan sanyi. Shi ke nan bayanin yanayin, layi ɗaya tal.

A Jakarta wakilinmu ya nuna mini saƙon da ya aiko wa ofis. Lokacin ruwan sama ya rubuta, babu sanyi a ciki ko kaɗan. Sakataren ofis ne ya mayar da shi shita, sannan ya kwafo sauran daga takardar waɗanda suka je Istanbul bara. Ban ce mugunta ba ce. Mu mutanen Makka ruwa ba ya zo mana sai da sanyi, saboda haka a kanmu kalmomin biyu sun zama ɗaya. Ruwan namu ma nawa yake? Ya zubo rabin sa'a, mutane su ruga Harami su yi ɗawafi a cikinsa, in ya yi yawa ya gangaro Misfala, kafin la'asar ya tsane. Ni kaina da aka haife ni a Tandabawi ban taɓa ganin damina da idona ba, a bakin tsofaffi kawai nake jin ta.

To, na bi takarda. Na cika akwati da farwa, wato alkyabbar nan tamu mai gashi, da rigunan ulu biyu, da safa mai kauri, har da hular sanyi. Littafin kuwa na shirya sa shi a kwali tare da dabino da haramin marigayin, in ɗaure da igiya yadda muke wa alhazai kullum. Abin dariya, ranka ya daɗe, a ɗakin ajiyarmu akwai lema ta fi a ƙirga, waɗanda muke raba wa alhazai a Mina. Ko ɗaya ban ɗauka ba. Shamsiyya muke kiranta, ta rana, kaina bai taɓa kawo mini cewa ana tare ruwa da ita ba.

Mahaifiyata ce ta tsaya a kaina ina haɗa kaya. Inna tana yarinya suka ratso Chadi da Sudan har suka iso nan, ta yi damina uku a hanya. Ta tambaye ni shitar wa ake nufi, tamu ko tasu. Ta ce ta sha ganin alhazan Jawa suna rawar ɗari a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, mutanen da suka saba da sanyi ba sa yin haka. Ta ce ƙasar da ake noman shinkafa in an ce ruwa to damina ce, kuma damina zufa ake yi a cikinta. Na yi dariya, na ce mata ofis ne ya rubuta, kuma ofis yana da kwamfuta. Ba ta ja da ni ba. Ta karɓi littafin, ta yanko ledar sufra, wadda muke shimfiɗawa a ƙasa mu ci abinci, ta naɗe shi ninki uku, kowane ninki bakinsa na kallon wani ɓangare, ta ɗaure da tsumman zane. Har na yi gunaguni cewa abin kunya ne in miƙa amanar mamaci a ledar cin tuwo. Ta ce in na isa in kwance, ba wanda ya hana ni.

3. Lokacin da aka zaɓa mana.

Kwana uku aka tsara, biyu na taro daga safe har isha'i, sai yammacin ranar da muka sauka. Na roƙi a ƙara mini kwana ɗaya, na faɗi dalili, aka ce tikiti ya riga ya fita. Ke nan ba ni da zaɓi illa in wuce gidan marigayin kai tsaye daga filin jirgi. Mutanen garin sun gaya mini cewa Janairu da Fabrairu ne tsakiyar daminarsu, kuma ruwan ya fi son sakkowa daga bayan azahar. Duk wanda aka tambaya a cikin ma'aikatanmu 'yan Jawa da ke aikin kicin zai faɗi haka kyauta. Ba a tambaye su ba.

4. Abin da ya faru.

Na fito daga jirgi da farwa a kafaɗa. Ƙofar waje tana buɗewa iska mai ɗumi ta rufe ni kamar an buɗe tukunyar dambu. Kafin in kai mota tufafina sun jiƙe da gumi, direban da wakili ya aiko yana ta satar kallona yana danne dariya. Ban ga laifinsa ba.

Muna hanya sama ta yi baƙi, aka sako ruwa. Wallahi ban san akwai ruwa irin wannan a taskar Allah ba. Na yi ta jira ya tsaya kamar namu, bai tsaya ba. Da muka kai unguwar, lungun gidan ya zama rafi, mota ba ta shiga, ruwa har gwiwa. Direban ya ce mu koma masauki. Na ce in na koma yau, ba ni da wata ranar. Na ɗora kwalin a ka, na rufa masa farwa don ta kare shi, na shiga.

Nan ne wautata ta cika. Farwa ta sha ruwa ta yi nauyin buhun shinkafa, ta danne kwalin da ya riga ya jiƙe. Ban yi taku hamsin ba na ji yana narkewa a tafin hannuna. Gindinsa ya ɓalle. Dabino ya watse, harami ya faɗa, ƙunshin littafin ya faɗa cikin ruwa ya fara tafiya. Na bi shi ina zamewa da takalmin fata, na faɗi sau ɗaya, na tashi, na cafko shi a bakin magudana.

Ranka ya daɗe, ina da shekara hamsin da biyu, na wanke gawawwaki, na ɗauki alhazai sumammu a bayana a Mina, ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Tawada ce fa. Ɗigo kaɗan ya isa ya shafe abin da uba ya bar wa ɗansa, kuma babu wanda ya san abin da ke ciki sai wanda ke kwance a Makka.

A gidan na tarar da babbar 'yar Haji Mansur, Siti Aminah, da Ridwan wanda ta kira tun da ta ji ina zuwa. Yana tsaye can gefe bai ko zauna ba. Aka ba ni zanen maza na ɗaura, aka kawo shayi na kasa sha. Na ajiye ƙunshin a tabarma, ruwa na ɗiga daga tsumman. Siti Aminah ce ta kwance. Ninki na farko sharkaf. Na biyu da danshi a bakinsa. Na uku ta buɗe, sai ga littafin a bushe ƙamas, ko gefensa bai canza ba.

Ta buɗe ƙarshen ta miƙa wa ƙanenta. Ya karanta a tsaye, sannan ya zauna, sannan ya kifa fuskarsa a kan gwiwa. Ban tambayi abin da ke ciki ba. Da zan fita ya riƙe hannuna ya ce mahaifinsa ya yafe masa, ya kuma nemi shi ma ya yafe. Na fita cikin ruwan nan ina kuka ina dariya, kuma a karon farko na ji yana mini daɗi a jiki.

Saboda haka ga buƙatuna, kuma ba kuɗin farwa nake nema ba.

Na ɗaya, a cire wannan takarda yau, kafin 'yan'uwanmu huɗu su fara haɗa kaya. A goge kalmar shita, a rubuta damina mai zafi, a yi wa wanda bai san ta ba bayani.

Na biyu, a gaya musu abin da za su ɗauka: tufafi marasa nauyi masu saurin bushewa, takalmin roba, lema ɗaya daga cikin namu na Mina, maganin sauro, da jaka mai hana ruwa don fasfo da takardun yarjejeniya. Kada kowa ya tafi da kwali.

Na uku, in taron zai iya jira, a mayar da shi bayan Hajji, tsakanin Yuli da Satumba, lokacin da mutanen garin suka ce ruwa yana ɗaukewa. In ba zai jira ba, a nemi jirgin da ke sauka da safe, a kuma bar kwana ɗaya a sake.

Na huɗu, duk ƙasar da za a aika ma'aikaci, a tambayi ɗan ƙasar tukuna. Muna da su a kicin da wurin wanki. Sakatare kuma kada a hukunta shi a kaina, abin da ya yi ni ma na yi, shi ya rubuta ni na gaskata.

Na gode da ka zaɓe ni a wannan tafiya, domin ba don ita ba da har yanzu littafin yana akwatina. Allah Ya ƙara maka lafiya da basira, Ya albarkaci kamfanin, Ya jiƙan mahaifinka da Haji Mansur, Ya sa mu cika da imani.

Da na dawo na durƙusa gaban Inna na ba ta labari tun daga farko, na nemi gafarar dariyar da na yi mata. Ta saurara har ƙarshe ba ta ce ai na faɗa maka ba. Abu ɗaya ta tambaya, ko yaron ya karanta. Na ce ya karanta. Ta ce alhamdulillahi, ta ce in tashi in sayo mata wata ledar sufra, tata ta ƙare.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Abubakar Abu Safiya,
benen alhazan Jawa, Misfala, Makka.