Amin Ɗin da Ban Ce Ba

Fatakwal, Yuli 1999

Yaya Hure,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar Inna? Yaya su Madina da mutanen Ƙofar Sauri baki ɗaya?

Mu lafiya lau muke. Tun da soja suka miƙa mulki aiki ya yi wa maigidana yawa a ofis, sai magariba yake shigowa. Nakan wuni ban yi magana da kowa ba, amma ba ƙorafi nake ba.

Mutum ɗaya ce mai jin Hausa a gidan nan, Maman Bitrus, Kirista ce 'yar Kagoro. Da zazzaɓi ya kwantar da ni, ita ta dama mini kunu, ta wanke mini kaya. Rannan ta riƙe hannuna ta ce, "'Yar'uwa, dukanmu masu zunubi ne, har jinjirin da aka haifa yau. Ba mai iya ceton kansa." Ta yi mini addu'a da sunan Yesu, ta tsaya jiran amin.

Yaya, kin san ba a yi mini addu'a in yi shiru. Amma sai na tuna jaririna da muka binne kafin suna. Wane zunubi ya ɗauka? Ban ce amin ba. Ta ɗauki kwanonta ta fita, tun ranar sai gaisuwa daga nesa.

Don Allah ki tambayar mini Malam Babaji abin da zan ce mata wanda ba zai taɓa imanina ba. Kafin amsarku ta iso, gobe zan yi ɗanwake in kai mata, ko da shiru za mu zauna mu ci.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Rahinatu